Kifin Salmon da Dokokin Tsara Gari: Darasi daga Jihar Washinton

Gabatarwa

Duk wanda ya ji an ce hukuma ta hana mutum gina ɗaki a bayan gidansa saboda kifi, zai iya ɗaukar zancen a matsayin raha. To amma a jihar Washinton, wadda ke arewa maso yammacin Amurka a gaɓar Tekun Fasifik, wannan magana ce ta yau da kullum a ofisoshin ƙananan hukumomi. Wannan jiha daban take da birnin Washinton, hedkwatar ƙasar, wanda ke can gabas. Mai son yin gini kusa da rafi a jihar sai ya nuna wa ma'aikatan tsara gari cewa aikinsa ba zai cuci kifin salmon ba, kafin a ba shi takardar izini.

Wannan darasi zai duba dalilin hakan. Da farko za a bayyana rayuwar kifin, sannan abubuwan da yake bukata daga rafi, da yadda gine-gine ke ɓata su. Daga nan sai a waiwayi dokokin da aka kafa, da gardamar da suka haifar, da kuma iyakar abin da suka iya yi.

Rayuwar kifin salmon

Salmon kifi ne na ƙasashe masu sanyi na arewacin duniya, kuma ba a samun sa a kogunan Afirka ta Yamma. A gaɓar Fasifik ta Arewacin Amurka akwai iri 5, waɗanda masana suka haɗa cikin dangin da suke kira Oncorhynchus. Biyu daga cikinsu ne za a fi ambata a nan: cinuk, wanda ya fi sauran girma, da koho, wanda ya fi son ƙananan rafuffuka.

Abin da ya bambanta salmon da yawancin kifaye shi ne gida biyu gare shi. A ruwan rafi ake haifar sa, a teku yake girma, sannan ya komo rafi ya hayayyafa. Macen takan zaɓi wuri mai tsakuwa a ƙasan rafi, ta kwanta a gefe ɗaya tana kaɗa wutsiya har sai ta haƙa rami. A ciki take zuba ƙwai, namiji ya barbare su, sa'an nan ta rufe da tsakuwa. Mace ɗaya takan zuba ƙwai dubbai. Ƙwan sukan yi makonni ko watanni a binne, gwargwadon sanyin ruwan. Bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan sukan ci gaba da zama cikin tsakuwar suna rayuwa da kwaiduwar da ke maƙale a cikinsu, sai ta ƙare su fito neman ƙwari.

Ɗan koho yakan yi kimanin shekara ɗaya a rafi kafin ya gangara teku. Wannan ƙaura na bukatar babban canji a jiki. A ruwan rafi, ruwa ne ke kutsawa cikin jikin kifi, gishiri kuma na zurarewa. A teku kuwa al'amarin juyawa yake yi: ruwan jikinsa ne ke fita, gishiri na shiga. Don haka dole ƙodarsa da gaɓoɓin numfashinsa su sake salon aiki. Mahaɗar kogi da teku, inda ruwan biyu ke gauraya, nan ne ƙananan kifayen, musamman cinuk, ke yada zango su yi ƙiba kafin su shiga teku sosai.

Bayan shekara ɗaya ko fiye a teku, kifin yakan juyo gida, kuma galibi rafin da aka haife shi yake nufa. Masanin halittun ruwa Arthur Hasler da ɗalibinsa Warren Wisby sun gwada yadda yake gane hanya a rafin Issaquah da ke wannan jiha, suka buga sakamakon a 1954. Sun kama koho a rassa biyu na rafin, suka toshe hancin wasu, suka bar na wasu, sannan suka mayar da su ƙasa da mahaɗar rassan. Waɗanda hancinsu ke buɗe yawancinsu sun koma reshen da aka kamo su, masu toshiyar hanci kuwa suka warwatsu. Wannan ya nuna cewa ƙamshin ruwan gida ne jagoransa a ƙarshen tafiya.

Salmon na Fasifik iri 5 ɗin nan duk suna mutuwa bayan sun hayayyafa. Gawarwakinsu kan zama abincin ƙwari da tsuntsaye da namun daji, su kuma zama taki ga itatuwan bakin rafi. Ke nan kifin na ɗauko albarkar teku ya kai wa daji.

Abin da kifin ke bukata daga rafi

Masana kan taƙaita bukatun salmon zuwa huɗu.

Na ɗaya shi ne ruwa mai sanyi. Gwargwadon ɗumin ruwa, gwargwadon raguwar iskar oksijin da yake iya riƙewa. Lita ɗaya ta ruwa a digiri 10 na ma'aunin Selshiyos tana riƙe kimanin miligiram 11 na oksijin, amma a digiri 25 kimanin miligiram 8 kawai take riƙewa. Kuma a daidai wannan lokaci ne jikin kifi ke ƙara bukatar iskar, domin ɗumi na hanzarta ayyukan jikinsa. Idan ruwa ya haura digiri 20 salmon yakan shiga wahala, idan kuma ya kai wajen digiri 25 ya daɗe a haka, mutuwa ce. Inuwar itatuwan bakin rafi ce babbar garkuwarsa a lokacin zafi.

Na biyu shi ne ruwa mai tsabta da tsakuwa marar laka. Ƙwan da ke binne suna numfashi ne da ruwan da ke ratsa tsakanin tsakuwa. Idan laka ta cike waɗannan kafofi, ƙwan sun shaƙe ke nan.

Na uku shi ne rafi mai lunguna. Manyan itatuwa da suka faɗa cikin ruwa sukan karkatar da shi, ya haƙa gurabe masu zurfi inda ƙananan kifaye ke ɓuya daga tsuntsaye, su kuma huta daga ƙarfin igiya. Rafin da aka miƙe shi kamar lambatu ba shi da maɓoya.

Na huɗu shi ne hanya a buɗe daga teku har zuwa tushen rafi. Madatsar ruwa ko kwalbatin da aka gina ba daidai ba na iya raba kifi da mahaifarsa baki ɗaya.

Yadda gari ke canja rafi

Idan ruwan sama ya sauka a daji, ganye da saiwoyi da ƙasa sukan shanye mafi yawansa. Daga baya ruwan ya riƙa tsattsafowa cikin rafi a hankali, da sanyinsa, har cikin rani. Idan aka sare dajin aka shimfiɗa kwalta da siminti da rufin gidaje, ruwan ba shi da wurin nutsewa. Sai ya kwarara gaba ɗaya ta magudanai ya afka wa rafi cikin ɗan lokaci, ya zaizaye gaɓa, ya tone tsakuwar da ƙwai ke ciki. Da rani kuma rafin ya ƙafe, domin ƙasa ba ta adana komai ba. Binciken da aka yi a rafuffukan Gundumar King a shekarun 1990 ya nuna cewa lalacewar rafi kan fara bayyana ƙarara idan kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasar da ke zuba masa ruwa ta zama mai hana ruwa nutsewa.

Ruwan titi kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Shekaru da dama ana ganin koho na mutuwa a rafuffukan birnin Siyatil jim kaɗan bayan ruwan sama, mata cike da ƙwai ba su kai ga zubawa ba. A wasu rafuffukan tsakanin kashi 40 zuwa 90 cikin 100 na kifayen da suka komo ne ke mutuwa haka. Ruwa ba ya tsami banza. A 2020 masana daga Jami'ar Washinton da Jami'ar Jihar Washinton suka gano sanadin. Masu yin tayar mota suna sa wani sinadari mai suna 6PPD don hana tayar tsattsagewa. Idan ya haɗu da iskar ozon sai ya rikiɗe ya zama 6PPD-kwinon. Garin taya da ke zuba a titi na ɗauke da shi, ruwan sama kuma ya wanke shi zuwa rafi. Ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na giram a lita ɗaya ya isa ya kashe koho.

Me ya sa ƙaramar hukuma?

A Amurka akwai dokar tarayya ta 1973 mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa. A 1999 aka sa cinuk na mashigin tekun Puget, inda Siyatil take, cikin jerin halittun da ke cikin barazana. To amma gwamnatin tarayya ba ita ke ba da izinin gina gida ko yanka filaye ba. Wannan iko yana hannun ƙananan hukumomi, wato gundumomin jihar guda 39 da kuma majalisun birane. Rafi kuwa ba ya lalacewa a rana ɗaya. Yakan lalace ne fili bayan fili: wannan ya sare itace biyu, wancan ya shafe tsakar gida da siminti, wani ya cike fadama. Kowane ɗayansu ƙarami ne, taruwarsu ce ke kashe rafi. Saboda haka teburin da ake sa hannu a takardar izinin gini shi ne wurin da za a iya tare ɓarnar tun ba ta auku ba.

Manyan dokokin jiha guda biyu

Ƙananan hukumomi suna aiki ne ƙarƙashin dokoki biyu da majalisar jiha ta kafa.

Ta farko ita ce dokar kula da gaɓar ruwa ta 1971. Ta shafi gaɓar teku, da tabkunan da suka kai eka 20, wato kimanin hekta 8, da rafuffukan da matsakaicin gudun ruwansu a shekara ya wuce kimanin lita 570 a daƙiƙa ɗaya. Ikonta ya kai ƙafa 200, kimanin mita 61, daga bakin ruwa zuwa tudu. Kowace gunduma ko birni da ke da irin waɗannan ruwaye sai ta rubuta tsarinta na amfani da gaɓa, ma'aikatar muhalli ta jiha kuma ta amince da shi. Ƙa'idojin da aka sabunta a 2003 sun kafa mizani ɗaya: kada sabon aiki ya jawo raguwar amfanin da gaɓar ke yi wa halittu. Wanda ya ɓata wani abu da ba makawa, sai ya gyara wani a madadinsa.

Ta biyu ita ce dokar sarrafa bunƙasar garuruwa ta 1990. Ta umarci gundumomi masu yawan jama'a ko saurin ƙaruwa su shata iyakar da birni zai faɗaɗa, don kada gidaje su bazu cikin gonaki da dazuzzuka. Haka kuma ta wajabta wa dukkan gundumomi da birane su ware wurare masu muhimmanci iri 5 su kare su: fadamu, wuraren da ruwan sha ke nutsewa ƙasa, mazaunin kifi da namun daji, wuraren da ambaliya ke yawan ci, da wuraren da ƙasa ke iya zaftarewa ko girgiza. A 1995 aka yi wa dokar ƙari mai muhimmanci. Aka ce dole ƙananan hukumomi su yi amfani da ilmin kimiyya mafi inganci da ke akwai wajen rubuta dokokinsu, su kuma ba da kulawa ta musamman ga kifayen da ke ƙaura tsakanin teku da rafi. Da wannan ƙari binciken masanin halittu ya zama hujjar da ake iya kafawa a gaban shari'a.

Kayan aikin mai tsara gari

Babban makamin ƙaramar hukuma shi ne zirin kariya, wato wani yanki a kowane gefen rafi da ba a yarda a yi gini ko a sare itace a cikinsa ba. Zirin na ba da inuwa, saiwoyinsa na riƙe gaɓa, ciyawarsa na tace laka, ƙwarin da ke faɗowa daga ganye abinci ne, tsofaffin itatuwa kuma su ne gumaguman da za su faɗa ruwa nan gaba. Dokar da Gundumar King ta zartar a 2004 ta sa faɗin zirin rafin da ke da kifi ya zama ƙafa 165, kimanin mita 50, a karkara, da ƙafa 115, kimanin mita 35, a yankin birni. A 2020 ma'aikatar kifi da namun daji ta jihar ta ba da shawarar a riƙa auna faɗin da tsawon da manyan itatuwan wurin za su kai idan suka shekara 200. Hikimar ita ce, itacen da ke nesa da rafi fiye da tsawonsa ba zai iya faɗawa cikin ruwan ba.

Makami na biyu shi ne ƙa'idar ruwan sama. Ana bukatar mai sabon gini ya tsare ruwan filinsa, ya bar shi ya nutse a nan, ta hanyar kwarin lambu da aka cika da yashi da takin gargajiya da shuke-shuke, ko daɓen da ruwa ke ratsawa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ruwan titin da ke kashe koho cikin sa'o'i, idan aka tace shi ta cikin irin wannan cakuɗen ƙasa, kifin na rayuwa a cikinsa.

Na uku shi ne taƙaita gini a filayen ambaliya da kuma ganuwar da masu gidajen bakin teku ke yi. Gaɓar Puget ta kai kimanin kilomita 4,000, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nata an riga an yi mata irin wannan ganuwa. Ganuwar na hana yashi da tsakuwa isa bakin ruwa, inda ƙananan kifayen da salmon ke ci suke zuba ƙwai.

Gardama da shari'a

Waɗannan dokoki suna taɓa dukiyar mutane, don haka ba su wuce ba tare da jayayya ba. Dokar Gundumar King ta 2004 ta kuma taƙaita share daji a filayen karkara: mai fili ba zai share fiye da kashi 35 zuwa 50 cikin 100 ba, gwargwadon girman filin. Mutanen karkara suka ce an ɗora musu nauyin ɓarnar da birni ya yi. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke wannan sashe, bisa hujjar cewa an shimfiɗa shi a kan kowa da kowa ba tare da auna illar kowane aiki ba, abin da ya mai da shi tamkar harajin da doka ta hana.

A kwarin kogin Skagit, wanda ke da dukkan iri 5 na salmon, rikicin tsakanin noma da kifi ne. Ƙabilar Swinomish ta nemi a tilasta zirin kariya a gonaki. A 2007 kotun ƙoli ta jihar ta yanke cewa doka ta ce a kare wuraren ne daga ƙarin lalacewa, ba ta wajabta mayar da su yadda suke a da ba. A 2011 jihar ta ɓullo da wani shiri wanda manoma ke shiga don ganin damarsu, tare da tallafi.

Ƙabilun asalin mazauna yankin suna da haƙƙi na daban. A yarjejeniyoyin 1854 da 1855 sun sallama filayensu, amma suka riƙe haƙƙin kamun kifi a wuraren da suka saba. A 1974 Mai Shari'a George Boldt ya yanke cewa rabin kifin da za a iya kamawa nasu ne. Daga baya suka kai ƙara cewa rabin babu, babu ne: kwalbatocin titunan jiha sun toshe wa kifi hanya. A 2013 kotun tarayya ta umarci jihar ta gyara su, kuma a 2018 hukuncin ya tabbata bayan da alƙalan Kotun Ƙoli ta Amurka suka rabu 4 da 4. Umarnin ya shafi gwamnatin jiha ne kawai, alhali gundumomi da birane ma suna da nasu kwalbatocin masu yawa.

Iyakar abin da doka ke iya yi

Fiye da shekaru 25 bayan 1999, cinuk na Puget bai fita daga jerin masu fuskantar barazana ba. Dabbar teku da ake kira orka, wadda wani rukuninta a yankin ya dogara da cinuk don abinci, ita ma an sa wannan rukuni cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 2005. Dalilan suna da yawa. Dokar tsara gari sabon aiki take kamawa, gidaje da tituna da gonakin da suka riga ta zuwa suna nan yadda suke. Akwai sassauci da ake yi wa masu ƙananan filaye, akwai kuma ƙarancin masu sa ido. Ban da haka, madatsun ruwa, da kamun kifi, da kifayen da ake ƙyanƙyasa a gidajen kiwo, da ɗumamar teku duk suna da hannu, kuma ba su cikin ikon ƙaramar hukuma. Abin da dokar ke yi shi ne rage saurin asara, ta kuma adana wuraren da suka rage da kyau. Farfaɗo da waɗanda suka lalace aiki ne dabam mai cin kuɗi da lokaci, kamar rushe madatsun ruwa biyu na kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014, wanda ya sake buɗe wa salmon hanyar da ta daɗe a rufe kimanin shekara ɗari.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan labari bai tsaya ga salmon ba. Lafiyar kogi tana farawa ne daga tudu, kuma kifin da ke ƙaura yana bukatar kowane zango na tafiyarsa. A dausayin Haɗejiya da Nguru ma kifaye sukan bi ambaliyar damina su shiga fadamu don hayayyafa, kuma raguwar ambaliyar bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ta shafi masunta da manoman yankin. Riga-kafi ya fi magani: barin itace a bakin rafi ya fi dasa wani arha, domin wanda aka dasa sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya ba da inuwa.

Aiki a aji

Malami zai iya samun faranti uku masu girma ɗaya. A cika na farko da ƙasa mai ciyawa, na biyu da ƙasa tsirara, na uku a shafe shi da siminti. A jingina su a karkace daidai wa daida, a yayyafa wa kowane lita ɗaya ta ruwa, a tari abin da ya gangaro. Ɗalibai su rubuta yawan ruwan da aka tara, da lokacin da ya ɗauka, da launinsa. Haka kuma a ajiye kwano biyu na ruwa, ɗaya a inuwa ɗaya a rana, a auna zafinsu bayan sa'a biyu.

Tambayoyi

1. Bayyana dalilai biyu da suka sa ruwa mai ɗumi ke wahalar da salmon.
2. Me gwajin rafin Issaquah ya nuna, kuma me ya sa aka bar hancin wasu kifayen a buɗe?
3. Kawo amfani huɗu na zirin kariya.
4. Me ya sa ake auna faɗin zirin da tsawon itace?
5. Mai fili a karkara ya ce an ɗora masa nauyin ɓarnar birni. Tattauna hujjarsa da kuma hujjar masu kamun kifi.